Wata huɗu tsakanin WASSCE da karatun likita: me za a yi da su?

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum yayyena. Na gama WASSCE, kuma na cike fom ɗin likita na jami'ar KNUST da ke Kumasi tun kafin sakamako ya fito. In Allah ya nufa Janairu za a shiga, ke nan kusan wata huɗu ina zaune a gida. Wasu sun ce in nemi littafin anatomi, wato ilimin sassan jiki, in fara hadda, wasu sun ce in yi barcina don nan gaba ba zan samu ba. Waɗanda suka bi hanyar nan, da me ya kamata in fara?

Daktan Tafo:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ajiye maganar littafi tukuna, ka fara da abin da kalanda ke riƙe da shi, wato allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B. Guda uku ce: ta farko yau, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku bayan wata shida daga ta farko. In ka fara a Satumba, ta uku sai Maris, kana tsakiyar zangon farko. Shi ya sa ba a jira takardar shiga.

Tsarin shi ne, a fara gwada jini kafin allura, HBsAg mai nuna ko cutar na jiki, da anti-HBs mai nuna ko jiki na da kariya. Kada a juya tsarin, domin allurar kanta tana iya sa HBsAg ya nuna akwai cutar na 'yan makonni alhali babu, mutum ya tashi hankalin gidansu a banza. A dantse ake yin ta, ba a ɗuwawu ba, don ta ɗuwawu ba ta kamawa sosai. Wata ɗaya zuwa biyu bayan ta uku a sake gwada anti-HBs. In ya kai 10 ko ya wuce, ta kama. Wanda ya makara da wata allura ba ya komawa farko, ya ɗora daga inda ya tsaya. In kuma gwajin farko ya nuna cutar na jiki, likita ake gani, ba mai tallan maganin hanta a cikin trotro ba.

Sai takardu, kuma nan ne 'yan zango suka fi shan wuya. Jera takardar haihuwa, Ghana Card da sunan da ke wurin WAEC, ka duba harafi-harafi. Mohammed a nan, Muhammad a can, Mahama a ta uku. Ko Abdul-Rahman a wata, Abdurrahman a wata. Ko ranar haihuwa ta bambanta. Gyaran yana bin takardar rantsuwa, wani lokaci har da bugawa a gazet, kuma ba aikin mako guda ba ne. Katin inshorar lafiya na NHIS kuma ka buga *929# ka ga ko yana raye, ka sabunta da momo tun yanzu.

Yayan aji biyar, Gee:
Abin da Dakta ya faɗa, a rubuta shi a bango. Maganar hadda kuwa, ni ban yarda da ita ba. Karatun shekara shida ne: uku na farko a harabar jami'a ana ilimin jikin ɗan Adam, uku na ƙarshe a asibitin Komfo Anokye da ake kira Gee, sannan aikin horo na shekara biyu kafin Majalisar Likitoci ta ba ka cikakkiyar rajista. Abin da za ka kwashe wata biyu kana haddacewa kai kaɗai a ɗaki, malami zai wuce shi a lacca biyu, kuma ta wani tsari daban. Anatomi ba a riƙe shi sai ana gani ana taɓawa. Wanda ya haddace jijiyoyin hannu daga hoto a Oktoba, kafin Maris sun zube kamar ruwa a kwando.

Abin da ke zama shi ne tushen kalmomi. Yawancin sunayen likitanci daga Latin da Girkanci aka haɗa su gaɓa-gaɓa: hepat hanta, nephr ƙoda, cardi zuciya, gastr tumbi, itis kumburi, ectomy cirewa, emia abin da ke cikin jini, hyper yawa, hypo ƙaranci. Ka riƙe ɗari biyu irin waɗannan, biyar a rana, kwana arba'in ka gama. Daga nan kalma ko ba ka taɓa jin ta ba za ka fasa ta kamar goro.

A kan wannan ne za ka koyi Anki, manhajar da ke dawo maka da kati daidai lokacin da kake shirin mantawa. Kyauta ce a kwamfuta da Android, a iPhone ne ake saya. Kuskuren da kowa ke yi: zumuɗin makon farko, a sa sababbin kati hamsin a rana. Sabon kati ashirin kacal a rana yana tara maka bita wajen ɗari biyu kullum in tafiya ta miƙa. Fara da goma. Kati ɗaya tambaya ɗaya. In ka cusa sakin layi guda a kati, za ka riƙa danna "na sani" alhali ba ka sani ba.

Ticha na Nima:
Yayan aji biyar, na yarda da kai rabi. Kada ya taɓa anatomi, to. Amma kada ya saki kemistiri. Ɗaliban da suka ci A1 ta hanyar haddace tsofaffin tambayoyi su ne bayokemistiri ke kayarwa, don ba su fahimci pH da buffer da yadda ƙwayoyin carbon ke haɗuwa ba. Awa ɗaya da safe, kwana huɗu a mako, da littafinsa na sakandare, ya isa. In ya san amino asid ashirin ɗin nan da rukuninsu, ya rage wa kansa kaya.

Kuma kada mu manta bai shiga ba tukuna. Agiriget 6, wato A1 shida, ba ita kaɗai ke buɗe ƙofa ba. Ana kiran waɗanda aka zaɓa a tantance su, kuma sanarwar kan zo a ƙurarren lokaci. Ya riƙa duba shafin neman gurbinsa da saƙon waya kullum, da lambar da ya rubuta a fom, ba wata sabuwa ba. Ya samu wani babba ya zaunar da shi ya yi masa tambayoyi da Turanci: me ya sa likita, me NHIS ke biya, mene ne CHPS, tsarin nan na kai kiwon lafiya cikin unguwanni da ƙauyuka. Yaranmu sun san amsa, bakin ne ke nauyi a gaban manya, don a gida an koya musu sunkuyar da kai. A can ana so ka ɗago ka dubi mai tambaya.

Anti Nas, Asawase:
Ɗana, in kana son ganin asibiti, ka rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban ƙaramin asibiti ko polikilinik na kusa da ku, ka nemi izinin kallo na mako biyu. Babban asibiti ya cika da ɗalibansa, ba mai lokacinka. Ka sa a ranka kallo ne kawai. Ba allura, ba ɗinki, ba rubuta magani, ko da wani ya ce "zo ka gwada". Ba hoton majinyaci, ba ɗora komai a WhatsApp. Kuma a zango kowa ya san kowa: in ka ga matar maƙwabcinku a layin awon ciki, ba ka gan ta ba.

Abin da za ka iya koya da hannu shi ne awon hawan jini. Mutum ya zauna minti biyar, baya a jingine, ƙafa a ƙasa ba a harɗe ba, hannu daidai da ƙirji. Ɗamarar na'urar awon ta dace da dantse. Ƙarama a babban dantse tana ba da lamba sama da gaskiya, ka ga an tsorata Hajiya ba dalili. Ka hura har bugun wuyan hannu ya ɓace, ka ƙara 20 zuwa 30, sannan ka sassauta a hankali, 2 zuwa 3 a daƙiƙa. Sautin farko da ka ji a abin sauraro lambar sama, inda ya ɗauke lambar ƙasa. Masu koyo sakin iskar suke yi da sauri, sai su rasa bugun farko. Ka gwada a kan mutum talatin na gida da masallaci, ka rubuta. Wanda ka samu 140 bisa 90 ko sama sau biyu a ranaku daban, asibiti za ka tura shi, bakinka ya tsaya nan.

In Red Cross ko St John sun buɗe ajin taimakon gaggawa, shiga. Danna ƙirji 30, hura numfashi 2, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. Ba a koyon sa a bidiyo, sai hannu ya ji taurin ƙirjin roba. Lambar gaggawa 112.

Daktan Sabon Zango, Ankara:
Abu ɗaya da ba a ambata ba: harshe. A Gee da Tiwi majinyata ke magana, a asibitin Korle Bu na Ankara ga Tiwi ga harshen Ga. Ɗan Aboabo na jin Tiwi, amma Tiwin Kejetia daban, ta gadon asibiti daban. "Ɛhe na ɛyɛ wo ya?" wato ina ke maka ciwo, "me ti pae me" kaina na sarawa, mogya jini. Ka buɗe ƙaramin littafi mai layi uku, Turanci, Tiwi, Hausa.

Layin Hausar ma kada ka raina shi. Zauna da tsofaffi ka ji me suke nufi da shawara, da basir, da sanyi, da farfaɗiya, da daji. In tsohuwa ta ce "sanyi ke damuna", tana iya nufin ciwon gaɓoɓi, tana iya nufin na mara, kuma ba za ta fayyace wa yaro namiji ba sai ya iya tambaya da ladabi. Ranar da aka kawo Bahaushe ko Bazabarme ko Bafulatani da ba ya jin Tiwi, kai za a nema a duk sashen.

Malam na Alabar:
Kafin a shiga ɗakin gawa don darasin anatomi, ɗalibi ya warware tambayoyinsa da malaminsa tun yana gida, kada waswasi ya same shi a can. A mazhabarmu ta Malikiyya taɓa gawa ba ya cikin abubuwan da ke karya alwala. Abin da ya rage shi ne ladabi: ba wasa, ba hoto. A ware riga da takalmi na ɗakin, don warin fomalin yana kama tufa, kada a shiga sahu da su a takura wa mutane.

Mai haddar Alƙur'ani ya ɗaure ta yanzu. Izu biyu a rana sauka ɗaya ce a wata. Wata huɗu sauka huɗu. In karatu ya kankama ko rabin izu aka riƙe an gode Allah. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa cikin zangon farko, don haka wanda ke da ramuwa ya biya tun yanzu, ya kuma saba karatu bayan Asuba. Da ka isa ka nemi 'yan GMSA, ƙungiyar ɗalibai Musulmi.

Yaya Hajiya, Tek Jankshan:
Ku bar ni da maganar kuɗi da ciki. A yi zaman gida tun yanzu, a san wa zai ɗauki me, musamman in gurbin na masu biyan cikakken kuɗi ne ya fito, don tazararsa da na gwamnati ba kaɗan ba ce, kuma shekara shida ce, ba ɗaya ba. Kawun da ya yi alkawari a wurin suna, a je a ji daga bakinsa. Asusun bashin ɗalibai na SLTF da Ghana Card ake nema. Kuɗin makaranta a banki ko hanyar da takardar shiga ta ambata kaɗai ake biya. Duk wanda ya kira ya ce a tura momo zai "gyara" gurbi, ɓarawo ne.

Ɗaki: da an buɗe rajistar ɗakunan kwanan jami'a, wato Conti, Katanga, Queens, Republic, Indece da Africa, gadaje ƙarewa suke nan da nan. Wanda ya rasa sai hostal a Ayeduase, Kotei ko Bomso. Kada a biya sai an je an buɗe famfo, an tambayi mazauna yadda suke yi in dumso ya zo.

Kwamfuta, RAM 8 da SSD 256 sun isa. In ta hannu ce daga Adum, a cire caja a kunna bidiyo awa guda a gaban mai shago. Batir ne ke mutuwa, ba fuska ba. Abin sauraron ƙirji mai tsada kuwa a bari tukuna, zai yi shekaru a akwati.

Kuma ƙanena, shiga kicin wurin Mama. Wake da shinkafa, miyar tumatir, tuwo, taliya da ƙwai. Mai sayen abinci sau uku a rana kuɗin watansa ba ya kai ranar ashirin.

Ɗan Aboabo:
Allah ya saka da alheri, na rubuta duka. Dakta, Mama ta ce an yi mini duk alluran jarirai amma katin awo ya ɓata. Sai na sake? Yaya Hajiya, shito fa, soyayyen yajin nan, wata nawa yake yi bai lalace ba?

Daktan Tafo:
Tun 2002 Gana ta sa rigakafin hanta cikin allurar jarirai ta mako 6, 10 da 14, don haka mai yiwuwa ka samu. Amma ba kati, ba shaida, kuma ƙarfinta a jini yana raguwa da shekaru. Yi gwajin nan biyu. In anti-HBs ya kai 10, ka adana takardar. In bai kai ba, a yi maka, sake ta ba ya cutarwa. Ka ɗauki hoton kowace takarda ka tura wa kanka a imel.

Yaya Hajiya, Tek Jankshan:
Ya danganta da suya. Wuta kaɗan, ana juyawa, har ruwan albasa da tumatir ya ƙone ƙurmus, ya yi baƙi-baƙi, mai ya taso sama. Awa biyu ko fiye. A bar shi ya huce sarai kafin a rufe, in ba haka ba gumin murfi ya ɗiga ciki ya yi funfuna. Kwalba busasshiya, mai ya rufe samansa da kaurin yatsa. Kada ka zuba a babbar kwalba ɗaya, raba shi uku, ka buɗe ɗaya ka ɓoye biyu a ƙasan akwati. Haka zai kai ka wata biyu zuwa uku, muddin cokali mai ruwa bai shiga ba, kuma 'yan ɗakinku ba su gano inda sauran suke ba.