Harkar biyan kuɗin wata don kallon fim ta kusa mutuwa

Ɗan Kallo: Jama'a ku rubuta ku ajiye, harkar biyan kuɗin wata don kallon fim a intanet ta kama hanyar kabari. Netflix ya fara haska finafinai ta intanet a 2007, mutane suka gudo daga talabijin saboda talla da tsada. Yau ina aka kwana? A 2022 shi da kansa ya kawo tsari mai talla, a 2023 ya matsa wa masu ara wa 'yan'uwa kalmar sirri. Ga Disney+, ga Prime Video, kowa ya kwashe finafinansa ya kulle a ɗakinsa, sai ka biya uku ko huɗu kafin ka ga abin da a da yake wuri guda. An sayar da mage an sayi biri. YouTube da yake kyauta shi zai yi musu sutura. Mai ja ya fito.

Injiniya: Kyauta? Malam gyara maganarka. YouTube ɗin da kansa ya ce bidiyo mai ingancin 1080p, wato mai hoto tar, yana son megabit 5 a daƙiƙa. Ninka sau 3,600, ka raba gida 8, awa ɗaya ta lashe giga 2 da kwata. Wa ya biya wannan datar?

Mai Tasha: To mai kallon Netflix iska yake sakawa a wayarsa? Shi ma data yake saya, sannan ya ɗora kuɗin wata a kai. In aka ce kyauta ana nufin ba a tare ka a ƙofa, kowa ya sani.

Injiniya: Ba a tare ka a ƙofa, ana tare ka a tsakar gida. Tallan da ke faɗo maka kafin bidiyo ya fara ai da datarka ake sauke shi.

Na Gefe: Ni lissafin ne bai yi mini ba. 5 sau 3,600 ai 18,000 ne, giga 18 kenan. Ina aka samo biyu da kwata?

Injiniya: Ɗan'uwa, bit daban, bayit daban. Bit takwas ke yin bayit ɗaya. Gudun intanet da bit ake auna shi, datar da kake saya da bayit. Shi ya sa na ce a raba gida 8: 18,000 ya koma mega 2,250.

Mai Tasha: Kuma ka zaɓi 1080p da gangan don ka tsorata mutane. Wa ke buƙatarsa a fuskar waya? Ka taɓa bidiyon, ka shiga saiti, ka je wurin inganci, ka ɗaure shi a 480p. Wannan megabit 1.1 yake so, wajen rabin giga a awa. In ka bar shi yana zaɓa wa kansa ne yake yi maka ɓarna.

Injiniya: Ba ɓarna ba ce, aikinsa kenan. Ana yanka bidiyo gunduwa-gunduwa, kowace ta 'yan daƙiƙoƙi, a ajiye kowace gunduwa a inganci kala-kala, daga mai dishi-dishi har mai kyau tar. Manhajar tana auna saurin da gunduwar baya ta iso. In ta zo da wuri sai ta nemi ta gaba mai nauyi, in ta yi jinkiri sai ta sauko. Kuma tana tara wasu a gaba kafin ka iso wurin. Zoben nan da ke juyawa a tsakiyar allo, ma'anarsa tarin ya ƙare, sabuwar gunduwa ba ta iso ba. Mai tsallake bidiyo bayan daƙiƙa goma ya yi asarar duk abin da aka riga aka tara masa.

Hajiya Furodusa: Ku duka ta wurin mai kallo kuke dubawa. Kyauta ga wa? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kafin YouTube ya fara raba kuɗin talla da kai a dogon bidiyo, sai kana da mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Bayan ka haye, 55 cikin 100 naka, 45 nasu. Kuɗin tallan ma ya danganta da ƙasar da mai kallo yake, kallo miliyan ɗaya a nan ba ɗaya yake da miliyan ɗaya a can ba. Wanda ya ɗauki 'yan wasa, ya yi hayar kyamara da fitilu, ya biya mai tacewa, da wannan zai mayar da uwar kuɗi?

Mai Tasha: Hajiya, da girmanki, aƙalla shi yana nuna maka alƙaluma a fili, ka ga minti nawa aka kalla, a ina aka gudu. Su Netflix fa? Marubutan Hollywood sun yi kwana 148 suna yajin aiki a 2023, cikin ƙorafinsu har da ladan da ake ba su in fim ya karɓu a waɗannan manhajoji.

Hajiya Furodusa: Sun yi yaji don suna da ƙungiya da kwantiragi. Kai wa za ka yi wa yaji? Wani ya sauke fim ɗinka, ya juya hoton dama ta koma hagu, ya ɗan ƙara wa murya sauri, ya ɗora a tasharsa. Content ID, tsarin YouTube mai gano bidiyon sata da kansa, ba kowa ake ba wa ba, sauran sai dai ka bi ɗaya bayan ɗaya kana cike fom.

Mai Tasha: Satar fasaha ta girmi YouTube. Shi a 2005 aka haife shi.

Ɗan Kallo: Ikon Allah. Ni na ce harkar za ta mutu, kun kama kalma ɗaya kuna ta yaƙi. Quibi, wani dandalin gajerun finafinai na kuɗin wata, ya tara dala biliyan 1.75, ya buɗe a Afrilun 2020, bai ga ƙarshen shekarar ba. CNN+, na gidan labaran CNN, wata guda ya yi a 2022. Netflix ya rasa masu biya 200,000 a farkon 2022. Ba alama ba ce?

Na Gefe: Netflix ɗin ya haura miliyan 300 a ƙarshen 2024. Wannan gawar akwai ƙiba.

Injiniya: Ku bar batun mutuwa, a koma kan kyauta. Jigilar bidiyo kuɗi ce. Netflix tun 2012 yake ajiye na'urorinsa cike da finafinai a cikin kamfanonin intanet don kada kowane kallo ya tsallaka teku. A Maris ɗin 2020 sai da aka roƙi su Netflix suka rage nauyin bidiyo a Turai don layuka su numfasa. Twitch, dandalin haska bidiyo kai tsaye, ya bar Koriya ta Kudu a Fabrairun 2024, ya ce kuɗin da ake caza na amfani da layi ya yi masa yawa. Damben Mike Tyson da Jake Paul da Netflix ya haska a Nuwamban 2024, allo miliyan 65 a lokaci guda, zoben ya yi ta juyawa.

Mai Tasha: Lura dai, duk misalanka babu YouTube a masu faɗuwa.

Injiniya: Na Turai har da shi, ya mayar da kowa kan ƙaramin inganci. Kai dai an taɓa ubangidanka.

Mai Tasha: Ka janye wannan kalmar.

Injiniya: In ka janye kyauta.

Mai Tasha: Ba ni na faɗe ta ba ma!

Shugaban Zaure: To ya isa haka. Abin da aka tsayar: an yarda babu wani abu kyauta a intanet, kamar yadda Injiniya ya kawo hujja da lissafi. Hajiya ta nuna mai shirya fim shi ake zalunta, kuma babu wanda ya iya amsa mata. Masu kare YouTube ba su zo da komai ba sai zafin rai. Batun mutuwar harkar kuwa, mai shi bai kawo dalili ba. An rufe.

Ɗan Kallo: Yallabai, misali uku na kawo da shekarunsu.

Mai Tasha: Yaushe aka yarda? Su wa suka yarda?

Na Gefe: Injiniya, wurin da ake ɗaure shi a 480p ɗin, kowane bidiyo sai an sake, ko sau ɗaya ake yi?