Matsin ciki a shimfiɗar kabon mai kama da lu'ulu'u: dole ne ya zo tare da ɗaurin sp3?

Habibu, ɗalibin digiri na biyu:
Assalamu alaikum, malamai. Ina bincike a kan siririyar shimfiɗar kabon mai kama da lu'ulu'u, irin wadda ba ta da haidirojin, wato ta-C. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, duk lokacin da kason ɗaurin sp3 (wato inda atam na kabon yake ɗaure da maƙwabta huɗu, kamar a lu'ulu'u) ya ƙaru taurinta yana ƙaruwa, amma matsin da ke cikinta ma yana hauhawa, har ta fara tattarewa tana ɓamɓarewa daga farantin silikon tun kaurinta bai kai ko'ina ba. Shin matsin ne yake haifar da ɗaurin sp3, ko kuwa sanadinsu ɗaya ne? Idan na biyun ne, ana iya sauke matsin ba tare da an rasa taurin ba?

Dakta Rabi:
Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Masana sun daɗe suna gardama a kan wannan. A shekarar 1991 McKenzie da abokan aikinsa a Jami'ar Sidni ta Ostareliya suka ce matsin ne sanadi, tunda garafayit, wato kabon irin na bakin fensir, ma sai an matse shi ƙwarai yake zama lu'ulu'u. Lifshitz da Robertson kuwa sun ɗora abin a kan yadda ayon, wato atam mai cajin lantarki da ake harbawa kan farantin wajen yin shimfiɗar, ke kutsawa: ayon na kabon mai ƙarfin kusan 100 eV (ma'aunin kuzarin ayon) ba ya tsayawa a fuskar shimfiɗar, ƙarƙashinta yake shiga ya cusa kansa inda babu gurbi, sai cunkoso ya sa atam ya ɗauru da maƙwabta huɗu maimakon uku, domin tsarin lu'ulu'u ya fi cushewa, giram 3.52 a kowane santimita kiyub, na garafayit kuwa wajen 2.26. Shimfiɗar da aka cusa haka tana neman faɗaɗa ta gefe, ga ta kuma manne da faranti, kamar buhun da aka danƙare aka ɗinke bakinsa, shi ya sa matsin yake iya kaiwa gigafaskal 10.

Ni dai na fi karkata ga bayani na biyu, kuma hujjata ita ce gasawa da zafi. A 1997 Friedmann da Sullivan a cibiyar bincike ta Sandia a Amurka sun nuna cewa idan aka gasa ta-C a zafin kusan digiri 600 na salshiyos, matsin yana sauka kusan gaba ɗaya, taurin kuma yana nan, sannan Ferrari da abokansa a Kambirij sun tabbatar da haka a 1999. Atam kaɗan ne suke komawa sp2, wato ɗauri da maƙwabta uku irin na garafayit, kuma da yake ɗaurin sp2 ya fi gajarta, nanomita 0.142, na sp3 kuwa 0.154, idan suka jeru a kwance sai shimfiɗar ta ɗan tsuke, matsin ya tafi. Ko da matsin yana da hannu a lokacin shimfiɗawa, ba shi ne yake riƙe da sp3 bayan an gama ba. Ta hanyar shimfiɗawa a gasa, a sake shimfiɗawa a gasa, aka samu kauri na sama da maikiromita ɗaya.

Injiniya Sale:
Maganar Dakta gaskiya ce a kan silikon, amma a yi hattara da inda za a kai ta. Yawancin ƙarafan da ake rufewa a masana'anta taurinsu yana raguwa tun kafin a kai digiri 600, kuma shimfiɗa mai haidirojin, a-C:H, tana zubar da haidirojin ɗinta ta karkata zuwa garafayit a zafin da bai kai haka ba. Saboda haka masu rufe kayan injin mota sun fi dogara ga shimfiɗar tsakani ta kuromiyam ko titaniyam, ko su gauraya ɗan silikon ko tungistan, su haƙura da raguwar tauri.

Malama Hadiza:
Malam Habibu, da me kake auna sp3 ɗin naka? Na tambaya ne domin awon Raman, wanda ake haska shimfiɗar da leza a duba hasken da ya warwatsu, idan da haske mai tsawon zango nanomita 514 aka yi shi, kusan sp2 kaɗai yake gani, tuddan da ke fitowa a zanen sakamakon awon, wato tudun G na wajen 1580 cm⁻¹ da tudun D na wajen 1350 cm⁻¹, duk daga sp2 suke, don haka sauyin rabon D da G bayan gashi yana iya zama taruwar sp2 wuri guda ne kawai, ba raguwar sp3 ba. Sai ka nemi Raman na nanomita 244, inda tudun T, mai nuna sp3, yake fitowa a wajen 1060 cm⁻¹, ko awon EELS, wanda yake duba kuzarin da elektiron suke rasawa idan sun ratsa shimfiɗar. Matsin kuwa, lissafin Stoney na 1909 da ake gano shi da shi yana buƙatar awon lanƙwasar farantin kafin shimfiɗawa da bayanta, kuma kuskuren da ka yi a awon kaurin shimfiɗar zai shiga sakamakon kai tsaye.