Mahaifina yana wankin ƙoda, ga kuma ciwon haƙori

Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Wata takwas ke nan Baba yana wankin ƙoda, sau 3 a mako. Tun daga lokacin bakinsa kullum a bushe, yana wari kamar na fitsari, ya ce komai ya ci ƙarfe-ƙarfe yake ji. Yanzu kuma haƙori ɗaya ya hana shi barci, dasashi na jini idan ya goge. Ƙanena ya ce a ba shi diclofenac, gobe a je a cire. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Wata nas: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Don Allah kada ku ba shi diclofenac ko ibuprofen. Suna iya lalata ɗan aikin da ya rage wa ƙodar, su ƙara zubar jini. Paracetamol aka fi ba su, shi ma ku tambayi likitansa adadin.

Likitan haƙori: Gaskiyar sista ce. Lokacin wanki ana sa heparin don kada jini ya daskare a cikin injin, shi ya sa ba ma son cire haƙori a ranar. Washegari muka fi so: maganin ya bar jiki, an tace jinin, mutum ya ɗan huta. Ku tafi da jerin magungunansa, likitan ƙoda ya san da zuwan, kuma kada a gwada hawan jini a hannun da aka yi wa fistula, wato jijiyoyin jinin da aka haɗa don wankin. Warin nan ba ƙazanta ba ne, kada ku kunyata dattijo. Yuriya ce, wato dattin da ƙoda ke fitarwa ta fitsari, ke taruwa a yawu, ƙwayoyin cutar baki su mai da ita amoniya. Idan yana shan amlodipine, maganin hawan jini, ku faɗa, yakan kumbura dasashi.

Wani mai wankin ƙoda: Ni bushewar ce ta fi wahalar da ni, tunda an ƙayyade mana ruwa. Cingam marar sukari da rage gishiri sun taimaka min. Ina tsotsar ƙanƙara ma, amma ita ma a cikin lissafin ruwa take. Buroshi mai laushi, safe da dare. Da na daina gogewa saboda tsoron jini, abin ƙaruwa ya yi.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Wankinsa Litinin ne, Laraba da Juma'a, zan nema masa Talata.

Likitan haƙori: Amma idan kunci ya kumbura ko zazzaɓi ya taso, kada ku jira Talatar.