Hujjar W3C ko abin da waya ta nuna?

Ɗan Koyo: Salam jama'a. A shafin intanet da nake haɗawa, akwatin sama na ba shi tazarar fiksil 30 daga ƙasa, na ƙasa kuma 20 daga sama. A lissafina 50 ke nan, amma 30 nake gani. Ko Chrome ɗina ne ya samu matsala?

Malam: Chrome lafiyarsa ƙalau. Duba takardar CSS 2.1, wato ƙa'idojin tsara fasalin shafin intanet, sashe na 8.3.1. Idan akwatuna biyu suna bin juna daga sama zuwa ƙasa, ba a tara tazararsu, babbar ce ke haɗiye ƙaramar. Shi ya sa nake cewa duk mai amsa tambaya a nan ya kawo hujja daga takardun W3C, ƙungiyar da ke tsara waɗannan ƙa'idojin, in babu ya kama bakinsa.

Anti Mai Zane: Haba Malam, ka tsananta. Takarda tana faɗin abin da ya kamata ne, ba abin da ke faruwa a hannun mutane ba. Ka manta gap, umarnin sa tazara tsakanin akwatuna, a cikin flex, wato wani tsarin jera akwatuna na CSS? Yana rubuce a takardar, Chrome ya karɓe shi a 2020, Safari, burauzar iPhone, sai 2021. Na taɓa kai wa wata mai shagon atamfa aiki, ta buɗe a tsohuwar iPhone ɗinta, hotunan duk sun manne da juna kamar ƙosai a kasko. In karanta mata sashe na nawa?

Tsohon Hannu: Ga masu Opera Mini kuma, wanda sai an matse shafin a sabar kamfanin kafin ya iso wayar. Ni MDN, shafin da ke bayanin waɗannan ƙa'idojin, nake fara buɗewa, sai Can I Use, mai nuna burauzar da ta karɓi abu da wadda ba ta karɓa ba.

Malam: Anti, da kika ga sun manne, ta yaya kika san laifin Safari ne ba naki ba? Ai da takardar kika auna. Marar ma'auni sai ya yi ta ƙara lambobi har abin ya daidaita a wayarsa, gobe ya wargaje a ta wani.

Anti Mai Zane: Wannan na yarda. Abin da ban yarda ba shi ne a jefa wa yaro lambar sashe a tafi. Turancin nan don masu ƙera burauza aka rubuta shi.

Ɗan Koyo: Na mayar da uwar akwatin flex, yanzu 50 ɗin ta fito!

Malam: Ai a cikin flex ba sa haɗiye juna. Shi ma yana rubuce.

Anti Mai Zane: To ka gwada a wayar Hajiyarku kafin ka yi murna.