Majami'u biyu da guntun taba: musayar waƙa a kan shugaba Bartlet

Malam Sambo:

Assalamu alaikum, 'yan zaure. A makon nan na sake kallon kashi na ƙarshe na zango na biyu na shirin siyasar Amurka mai suna The West Wing, wanda tashar NBC ta fara nunawa ranar 16 ga Mayu, 2001, da sunan Two Cathedrals, wato manyan majami'u biyu. Aaron Sorkin ne ya rubuta shi, Thomas Schlamme ya ba da umarni, Martin Sheen kuma ya fito a matsayin shugaban ƙasa. Saboda wanda bai kalla ba zan ba da labarin a baitoci, kowa kuma ya amsa da waƙa kamar yadda muka saba.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai rayarwa kuma Mai kashewa.

Wani shugaba ne a ƙasar Amurka,
Bartlet, mai ilimi da iyawa.

Shekara 8 yana ɗauke da ciwo
Na laka da jijiya, mai tafiya da dawowa.

Ya nemi ƙuri'a bai gaya wa jama'a ba,
Sai 'yan ƙalilan masu rufawa.

Ana shirin ya fito ya faɗi gaskiya,
Sai ga mummunan labari na isowa.

Landingham, tsohuwar sakatariyarsa,
Wadda ta san shi tun yana tasowa,

Ta sayi sabuwar mota, ta farko a rayuwarta,
Ta ɗauko ta da dare tana dawowa,

Wata motar da aka tuƙa cikin maye
Ta buge ta, ajali ba ya jinkirtawa.

Aka kai gawarta babbar majami'a
Ta Washinton, manya suna ta taruwa.

Da aka watse ya ce a rufe ƙofa,
Ya tsaya shi kaɗai, ransa na tafasowa.

Ya ɗaga murya ga Ubangijinsa,
Da Turanci da Latin yana tuhumawa.

Ya ce ya samar da ayyuka miliyan 3.8,
Ya reni 'ya'ya uku, yana ta ƙirgawa.

Ya kunna taba ya yar da ita a daɓe,
Ya murje ta da takalmi yana ficewa.

Tambayata gare ku, 'yan uwana,
Me ya sa kashin nan ake ta yabawa?

Ɗan Liman:

Wa'alaikumus salam, Baffa. Na kalli wannan kashi har sau biyu, kuma ina neman afuwa tun da farko idan amsata ta yi tsauri a gaban manya.

Baffa, na ji baitocinka duka,
Amma zuciyata ba ta kwanta ba.

Na san wasa ne aka tsara,
Na san kuma addininmu ba ɗaya ba.

Amma ko a littafin da yake bi,
Bawa bai zama alƙalin Sarki ba.

Annabi Ayuba ya rasa dukiya da 'ya'ya,
Ciwo ya ci jikinsa, bai butulce ba.

Annabi Yakubu ya yi kuka har ido ya tafi,
Bai kai kukansa ga wanin Allah ba.

Kai kuka gare Shi ibada ne,
Tuhumarsa kuwa ba mu gada ba.

Shi kuwa Bartlet ya zo da lissafi,
Kamar mai bin bashin da ba a biya ba.

Ya ce ya ceci Meziko daga karaya,
Ya ce bai jefa ƙasarsa a yaƙi ba.

Ya ambaci jirgin ruwan da guguwa ta ci,
Mutum 68 da ba su dawo ba.

Ya ambaci Josh, hadiminsa da aka harba,
Yana neman laifin da bai gani ba.

Sannan ya ce ya bar takarar,
A ɗauki mataimakinsa, ba shi ba.

Fushin da ya yi da Mai sama, Baffa,
A kan talaka zai sauka, ba wani ba.

Abin yabo a murje taba a ɗakin ibada
Na nema da kyau, ban samu ba.

Uwar Tagwaye:

Sannunku da zama, Malam. Ɗana Ɗan Liman, na yi shekara 27 ina aikin sakatariya kafin in yi ritaya, saboda haka da kowa yake kallon shugaban, ni idona a kan matar da ke cikin akwatin ya tsaya.

Ɗana, ka yi gaskiya a kan ladabi,
Amma kun bar matar da labarinta.

Tagwaye ta haifa, maza biyu,
Yaƙin Biyetnam ya raba su da ita.

Rana ɗaya suka tafi, a 1970,
Jajibirin Kirsimeti ya zama makokinta.

Ni ma tagwaye Allah Ya ba ni,
Don haka na san nauyin haƙurinta.

Ba mu ga ta tsaya tuhumar kowa ba,
Kullum da safe tana bakin teburinta.

Shirin ya mayar da mu baya shekaru,
Zuwa makarantar da ta kama aikinta.

Uban Bartlet ne shugaban makarantar,
Yaron kuma kullum yana gabanta.

Ta ce masa matan da ke aiki a wurin,
Albashinsu da na maza an bambanta.

Ya ce ta kawo masa alƙaluma,
Ta kawo su ɗaya bayan ɗaya ta lissafta.

Ta ce in yana ganin ba ta da gaskiya,
Za ta girmama ra'ayin da ya saɓa nata,

Amma in ya san gaskiya ce ya yi shiru don ƙiwuya,
To ya daina ɗaukar kansa ƙaninta.

Ita ta gano ɗabi'arsa tun yana yaro,
Wadda shi kansa bai lura ba, sai ita:

In ya sa hannu a aljihu ya kau da kai,
Ya yi murmushi, ya yanke shawara, ba ya fasa ta.

Ba na wanke masa kalamansa, ɗana,
Amma na gane raɗaɗin rashinta.

Malamin Asibiti:

Gwaggo, Allah Ya raya tagwaye. Ni aikina jinya ne, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ɓoye ciwon, domin ina ganin jimamin jana'izar ya kusa mantar da mu shi.

Gwaggo, kin sa mun ji tausayi,
Amma akwai sauran magana.

Ciwon nan garkuwar jiki ce ke juyawa,
Ta ci rigar jijiya ta yi ɓarna.

Yakan zo da dishi-dishi da mutuwar jiki,
Ya lafa watanni ya dawo wata rana.

Mai shi yana iya aiki shekaru,
Ciwo ba laifi ba ne, ba ya ɓata suna.

Laifin shi ne neman ƙuri'ar mutane
A ɓoye musu abin da ya shafi amana.

Matarsa likita ce, ita ke masa allura
A asirce, shekara da kwana.

Wannan ba sai an ba ni labari ba,
Na ga irinsa a ƙasarmu da idona.

A Nuwamban 2009 aka fita da 'Yar'aduwa
Zuwa Jidda, muka shiga ƙirga kwana.

Babu wasiƙar miƙa mulki ga majalisa,
Babu wanda ya fito ya bayyana mana.

Sai a Fabrairun 2010 majalisa ta yanke
Jonathan ya riƙa, aka samu lumana.

A watan Mayu Allah Ya karɓi abinsa,
Allah Ya jiƙansa, Ya sa shi Aljanna.

Ba shi nake zargi ba, yana kwance,
Shirun da aka yi ne ya yi mana ƙuna.

Bartlet ya amsa cewa ya yi ƙarya,
Ya kira ta zunubi, na ji da kunnena.

Amma haƙƙin bawa sai bawa ya yafe,
Wannan shi ne karatun da aka yi mana.

Malam Sambo:

Kowa ya kama gefen da ya dace da shi, na gode. Bari in tsaya a kan sunan kashin, domin ɗakin ibadar makarantar ne ya fassara mini abin da ya faru a majami'ar Washinton.

Ɗan Liman, ka nemi dalilin tabar,
Amsarta tana cikin ƙuruciyarsa.

A ɗakin ibadar makarantar nan
Aka tsinci guntun taba, in ji mahaifinsa.

Ya nuna masa, ya ce ya ja kunnen ɗalibai,
Kada a ƙara, wannan ne umarninsa.

Uban nan mai tsanani ne ƙwarai,
Ba ya son ɗa ya fi shi kaifin kansa.

Ranar da yaron ya shiga ofis
Don ya kai kukan matan gabansa,

Sai uban ya taso da wata maƙala
Ta sukar hana littattafai, da hannun ɗansa.

Yaro ya mayar da magana, uba ya mare shi,
Ya fita da saƙon matan a bakinsa.

Shekaru masu yawa bayan marin nan,
Ya tsaya gaban Wanda Ya halicci ubansa,

Sai ya ɗauka duk mai iko haka yake,
Yana mari ne don ya nuna ikonsa.

Kuskure ne babba, na yarda da kai,
Marubucin ma ya dawo ya gyara masa.

Da dare guguwa ta banke ƙofar ofis,
Ya ƙwala mata kira bisa sabonsa.

Sai ga ta ta shigo, a zuci ba a fili ba,
Kyamara ta nuna shi kaɗai a kujerarsa.

Ta ce kada ya ɗora wa Allah laifin mota,
Ya daina fakewa da mutuwarta don kansa.

Sannan aka juya tambayar ƙuruciya,
Yau shi ne mai zana alƙaluman ƙasarsa.

Yaro 1 cikin 5 ana haifarsa a talauci,
Miliyan 44 kowa babu inshorar lafiyarsa,

Miliyan 3 suna tsare a kurkuku,
Ya jero su duka da harshensa.

A majami'a ya ƙirga abin da ya bayar,
A ofis ya ƙirga bashin da ke wuyansa.

Ɗan Liman:

Baffa, Allah Ya ƙara maka lafiya,
Na sake kallo bayan karanta baitinka.

Ban janye ba a kan kalaman majami'a,
Su ne abin da ba zan so ba ga ɗanka.

Amma na ga shirin bai tafa musu ba,
Ya aiko tsohuwa ta ce, gyara zancenka.

Na kuma ga abin da ya wuce ni da farko,
Wanda zai ƙarfafa fassararka.

Ayarin shugaba yana wuce majami'ar,
Mai shara ya tsinci tabar da aka taka.

Mai mulki ne ya yar da ita cikin fushi,
Talaka ne ya sunkuya ya ɗauka.

Malamin Asibiti:

Malam, ban sauka daga maganata ba,
Amma zan ba mutumin abu ɗaya.

A taron 'yan jarida C.J., kakakinsa, ta shirya masa mafita,
Ya fara kiran wakilin fannin lafiya,

Don a tambaye shi ciwo ya samu numfashi
Kafin a zo ga tambaya mai wuya.

Ya kalli mutumin ya tsallake shi,
Ya zaɓi wata mai tsage gaskiya.

Ta tambaye shi ko zai sake neman kujerar,
Mai ɓoyon jiya yau ya daina ɓuya.

Binciken majalisa yana nan yana jiransa,
Bashin ƙaryar nan sai ya biya.

Uwar Tagwaye:

Malam, ka ba ni aron amsa-amonka na farko, domin akwai mintocin ƙarshe da babu wanda ya taɓa su, kuma su ne suka hana ni barci ranar da na kalla.

Ya fito daga ofis ya tsaya a fili,
Ruwan Mayu yana ta zubowa.

Charlie, matashin hadiminsa, ya miƙo masa rigar ruwa,
Ya wuce ta, ko kallo bai yi ba balle sawa.

Yaron ya ga haka ya tuɓe tasa,
Ya bi bayansa babu tsayawa.

Ma'aikatansa ɗaya bayan ɗaya
Suka shiga sahu, babu mai tankawa.

Waƙar ƙungiyar Dire Straits tana tashi a hankali,
Ya hau mumbari, ruwa a kansa na ɗigowa.

Aka yi tambayar, ya ce a maimaita,
Leo, shugaban ma'aikatansa, ya raɗa cewa a dubi abin da ke zuwa.

Bai ce e ba, bai ce a'a ba,
Hannunsa a aljihu yana shigewa.

Ya kau da kai ya yi ɗan murmushi,
Tuta a bayan taga tana kaɗawa.

Wadda ta fara karanta alamar nan
Tun da rana aka gama sallamawa.

A nan na jawo bakin mayafina,
Na share ido, allon yana rufewa.