Makullin BitLocker ya ɓace: abin da 'yan'uwa suka ce

Na tattaro shawarwarin da aka ba ɗan'uwanmu da kwamfutarsa ke neman makullin BitLocker (tsarin Windows mai kulle bayanan faifai), wato lambobi 48, bayan an taɓa BIOS (saitin da kwamfuta ke tashi da shi kafin Windows).

Inda baki ya zo ɗaya:

1. Kada a yi fomatin. A fara kwafe faifan gaba ɗaya zuwa wani.
2. A duba asusun Microsoft, har da tsofaffin imel da aka manta. Windows kan ajiye makullin can ba tare da mutum ya lura ba. A gwada haruffa 8 na farkon lambar shaidar da ke allo da na cikin asusun.
3. Kwamfutar ofis ko makaranta, a je wajen masu kula da na'urori. Ta hannu kuwa, a nemi wanda ya fara saita ta.
4. A bincika filasha da takardun da aka buga.
5. A mayar da saitin BIOS yadda yake, wani lokaci TPM (na'urar tsaro da ke riƙe makullin a cikin kwamfutar) kan saki makullin.

Inda aka rabu: wasu sun ce a gwada Hashcat, manhajar cankar kalmar sirri. Wasu suka ce ɓata lokaci ne, sai in da kalmar sirri aka kulle kuma an tuna rabinta. Ina tare da na biyun, domin AES, tsarin ɓoye bayanai da BitLocker ke amfani da shi, ba ya fasuwa da ƙarfin tsiya, Microsoft ma ba ta iya ƙirƙiro makullin da ya ɓace.

Masu cewa a turo kuɗi su buɗe, kowa ya ce damfara ce. Abin ya taɓa ni, hotunan marigayiya mahaifiyar ɗan'uwan namu na cikin kwamfutar.