Ƙanena zai sa tayar sanyi biyu kawai, me kuka gani?

Direba daga Garwa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 14 ina bin hanyar Ngaundere, amma wannan ta fi ƙarfina. Ƙanena da ke Monreyal, a lardin Kebek na ƙasar Kanada, ya sayi 'yar tsohuwar mota, wai dole ya sa mata tayar sanyi. Kuɗinsa bai kai ba, sai ya ce zai sayi biyu na gwanjo ya sa a gaba, tunda da gaba motar take ja. Inna ta kasa barci tun da ta ga hoton titinsu fari fat da ƙanƙara. Don Allah a ba mu shawara.

Baba mai faci, Marwa: Wa alaikumus salam. Ɗana, in gwanjo ne ya duba lambobi huɗun ƙarshe da ke bayan DOT a gefen tayar. In ya ga 2319, an yi ta ne a mako na 23 na 2019. Tsohuwar roba ko zanenta na da kyau ta riga ta bushe. Sannan ya rage iska kaɗan, kamar yadda muke yi a rairayi.

Ɗan Garwa mazaunin Kebek: Baba, maganar shekara gaskiya ce, amma a gafarce ni, kada ya rage iska. Sanyin da kansa yake rage ta, ya bi adadin da aka rubuta a jikin ƙofar direba.

Yaya, ka hana shi sa biyu. Na yi haka a sanyina na farko. A wata kwana, ina tafiya a hankali, gaba ya kama hanya, baya kuwa ya zame, sai ga ni ina fuskantar inda na fito, hannuna na rawa a kan sitiyari. Allah ne ya sa babu mota a bayana. Dokar Kebek ma duka huɗun take nema, daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, tarar kuma dalar Kanada 200 zuwa 300 ce. Ya nemi mai alamar dutse mai tsini uku da ƙwayar ƙanƙara a ciki. Tayar da muka sani takan sandare in sanyi ya yi ƙasa da digiri 7, ita kuwa wannan robarta na nan da laushi. Zurfin zanen kada ya gaza milimita 5.

Wata 'yar uwa daga Njamena: Ni ma na yi sanyi biyu a can. Taya ba ta hana santsi gaba ɗaya. Ya bar rata mai yawa, ya taka totur a hankali. In burki ya yi ta karkarwa a ƙafarsa, ABS ne, wato na'urar da ke hana taya kullewa, ke aiki, kada ya ɗaga. Ya fi kiyaye gada da sassafe, don ƙanƙarar wurin ba a ganinta, sai ka ɗauka kwalta ce ta jiƙe.

Direba daga Garwa: Allah ya saka da alheri. Gobe zan tura masa cikon kuɗin. Tayoyin sanyi masu ƙusa a jiki fa?

Ɗan Garwa mazaunin Kebek: An yarda da su daga 15 ga Oktoba zuwa 1 ga Mayu, amma a cikin Monreyal da ake share titi ana zuba gishiri, marasa ƙusa sun ishe shi. Ya dai kama layi a gareji da wuri, Nuwamba cika suke yi.